Kogon 'Yan Fashin Teku a Kan Tabarmar Samaru: Yadda Ake Yi wa Wasan Aboki Gyara

Wasa ne a rubuce, shafi biyu kacal da 'yar taswira, an buga su a ɗaya daga cikin shagunan kwamfutar nan na bakin titin Samaru. Ƙanin wani abokina ne ya rubuta, ɗalibi, kuma shi ne autanmu a zaman da muke yi ran Asabar bayan la'asar. Ya miƙo mini da hannu biyu ya ce, "Yaya, ga ɗan abin da na haɗa, a duba mini." Mu huɗu muka karanta, wannan na miƙa wa wancan, kuma bakinmu ya zo ɗaya: kai, ya yi kyau, Allah ya ƙara basira. Mako ya zagayo muka shimfiɗa tabarma muka buga wasan. Ba a yi minti arba'in ba muka cije a bakin wata ƙofa da ke ɗaki na uku, muka yi cirko-cirko, har aka kira magariba ba wanda ya sa akwatin dukiyar a ido. Addu'ar da muka yi masa tana nan daram, amma aikin da ya roƙe mu ba mu yi ba.

Wanda bai taɓa ganin irin wannan wasa ba, ya ƙaddara tatsuniya ce wadda masu sauraro ke da ta cewa a cikinta. Mutum ɗaya ke riƙe da zaren labari, shi ke bayyana wuri, shi ke magana da bakin duk wanda aka tarar a hanya. A zamanmu madugu muke ce masa, sauran kuwa ayari. Kowa a ayari yana da mutum guda da yake wakilta, da takarda mai nuna ƙarfinsa da dabararsa da abin da ke cikin jakarsa. Madugu ya ce, "Kun iso bakin kogo, ruwa na dukan duwatsu, ga ƙarnin kifi, me za ku yi?" Wani ya ce zai kunna fitila ya leƙa, wani ya ce zai hau dutse ya duba ta sama. In abin da mutum ya nufa yana iya faskara, sai a jefa ɗan ludo, wannan mai ɗigo-ɗigo da ake kaɗawa, lambar da ta fito ta yanke hukunci. Sai dai a nan ba mai fuska shida kaɗai ake amfani da shi ba, akwai mai huɗu, mai takwas, mai goma, mai sha biyu, da babbansu mai fuska ashirin. Wasan da ya fi shahara a wannan fanni shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, kuma bugunsa na biyar da ya fito a 2014 shi ne akasarin matasa suka fara sani. Kalmar farko ta sunan tana nufin kurkukun ƙarƙashin ƙasa, amma a bakin 'yan wasa ta koma duk wani rufaffen wuri mai ɗakuna da hanyoyi, ko kogo, ko kangon fada, ko cikin jirgin ruwan da ya nitse. Rubuta gajeru irin na yaron nan sana'a ce mai zaman kanta, har akwai gasar da ake yi tun 2009 wadda sharaɗinta shi ne komai ya shiga shafi ɗaya.

Kuskurenmu na farko shi ne mun karanta takardar kamar gajeren labari, muka yaba Hausarta da yadda ta ja hankali. Alhali kayan aiki ce, an rubuta ta ne domin wani mutum daban ya ɗauka ya ja wasa da ita a gaban mutum huɗu da ke zuba masa tambayoyi. Riga tana rataye a shagon tela kowa na iya yabon aikin wuyanta, sai an sa ake sanin hammata ta matse. Saboda haka duk gyaran da bai fito daga kan tabarma ba, ko aƙalla daga mai karatun da ya zauna ya ƙaddara shi ne madugu, rabin gyara ne.

Ga yadda wasan yake a zubin farko. Wani kyaftin ɗin 'yan fashin teku ya ɓoye dukiya a kogon wani tsibiri, yaransa sun yi masa tawaye, jirginsu ya daki dutse. Ayari sun samu taswira sun zo. Ɗakuna bakwai ne, a na ƙarshe akwai akwati. Shafin farko kusan gaba ɗaya tarihin kyaftin ne: inda aka haife shi, wanda ya ci amanarsa, matar da ya so bai samu ba. Rubutu mai daɗi, ban musa ba. Amma da muka tambayi kanmu ta wace hanya ayari za su ji wannan tarihi a cikin wasa, sai muka ga babu. Ba wasiƙa, ba rubutu a bango, ba wani tsohon matuƙi da zai ba da labari. Rabin takardar madugu kaɗai zai taɓa sani, shi kuma abin da yake buƙata, wato faɗin ɗaki na huɗu da yawan mutanen da ke cikinsa, yana binne a tsakiyar sakin layi na shida. A wasa mai shafi biyu kowace jimla haya take biya, in ba ta sa wani abu ya faru a kan tabarma ba, ta tare wa wata wuri.

Sai taswirar. Ɗakunan a jere suke kamar taragon jirgin ƙasa: daga na ɗaya sai na biyu, daga na biyu sai na uku, ƙofa guda shiga, ƙofa guda fita. Wasan da aka gina a kan tambayar "me za ku yi?" ya zama ba shi da amsa sai "mu ci gaba". Masu wannan harka sun daɗe da gane matsalar. Ana yawan kafa misali da Jennell Jaquays, wadda tun ƙarshen shekarun 1970 ta fara zana koguna masu mashiga da yawa, da hanyoyin da ke zagayowa su haɗe, da matakalar da ke tsallake bene guda ta faɗa na ƙasa. Ɗan Zariya ma ba ya buƙatar a kai shi Amurka kafin ya fahimci wannan. Wanda zai shiga birni yana iya bi ta Ƙofar Doka, yana iya bi ta Ƙofar Gayan ko Ƙofar Kuyambana, kuma da zarar ya shiga, lungu ke ba lungu hannu, in an tare nan da biki ya ɓulla ta can. Abin da ke sa wuri ya zama wuri ke nan a zuciyar mai tafiya. Da yaron ya ƙara rami guda daga saman dutse wanda ke sauka a ɗaki na biyar, da wata mashiga ta ƙarƙashin ruwa, sai ɗakunan nan bakwai suka zama kamar sha biyar, ba tare da ya ƙara ko ɗaya ba.

Yanzu ƙofar da ta cinye mana yini. An rubuta cewa a kulle take, kuma sai an jefa mai fuska ashirin an samu 15 ko sama kafin ta buɗe. Lambobin da ke ci su ne 15, 16, 17, 18, 19 da 20, shida ke nan cikin ashirin, wato kashi 30 cikin ɗari. Mutum ɗaya zai faɗi sau bakwai cikin goma. In mutum huɗu kowa ya gwada sau ɗaya, damar dukkansu su faɗi ta kai kashi 24 cikin ɗari, kusan zama ɗaya cikin huɗu. Mu ne muka zama na huɗun. Takardar kuma ba ta faɗi abin da zai biyo bayan faɗuwa ba, saboda marubucin bai taɓa kawowa a ransa za a faɗi ba. Da muka ƙirga sai muka ga shingaye uku ne irin wannan tsakanin bakin kogo da akwati. Ko da kowanne ana tsallake shi sau uku cikin huɗu, tsallake duka ukun a jere 27 ne cikin 64, kimanin kashi 42 cikin ɗari. Ma'ana fiye da rabin waɗanda za su buga wasan ba za su taɓa ganin ƙarshen da ya ɓata darare yana tsarawa ba. Wannan lissafi na ƙaramar sakandare ne, amma ba a ganinsa a karatu, saboda ido na tafiya daga ɗaki na uku zuwa na huɗu ba tare da ya jefa komai ba.

Maganin ba wai a sauƙaƙa ƙofar ba ne. Abu biyu ake yi. Na ɗaya, faɗuwa ta zo da farashi maimakon tsayuwa: ƙofa ta buɗe amma da ƙara, masu gadi su ji, ko a ɓata sa'a guda ana fama. Na biyu, duk abin da dole ne ayari su gano kafin wasa ya ci gaba, kada a rataya shi a ƙusa guda. Wani marubuci a wannan fanni, Justin Alexander, ya yi suna da ƙa'idar alamu uku: ga kowane abu da kake so 'yan wasa su gane, ka ajiye musu alama aƙalla uku, don za su wuce ta farko ba su gani ba, su yi wa ta biyu mummunar fahimta. Mabuɗi a wuyan mai gadi, rami ta sama, da wani ɗan tawaye da zai buɗe in an yi masa alkawarin kaso, ka ga an samu ukun.

Gyaran da ya fi tsawo, kuma wanda na fi jin daɗinsa, ya taso ne daga tambayar da wani malamin firamare a cikinmu ya yi. Ya ce, "In aka goge kalmar teku aka sa daji, aka goge jirgi aka sa doki, me zai canza?" Muka duba, babu. 'Yan fashin nan rigar 'yan fashin teku kawai suka sa, da ɗaurin ido guda da aku a kafaɗa. Ba laifin yaron ba ne sosai. Mu a nan ruwan da muka sani Kubanni ne da Galma, ruwan da ke cika da damina ya janye da rani. Teku kuwa sau biyu yake cika a yini da dare, sau biyu yana janyewa, saboda jan da wata ke yi masa, da ɗan taimakon rana. Tsakanin cika da janyewa sa'a shida ne da 'yan mintuna, tsakanin cika da cika kuwa kimanin sa'a 12 da minti 25 a yawancin gaɓoɓi. Kogon bakin teku agogo ne da kansa. Mashigar da ka bi ruwa iya idon sawu, bayan sa'a shida tana iya zama a nitse. Wannan shi ne abin da daji ba zai taɓa ba ka ba, kuma takardar ba ta ambace shi ko sau ɗaya ba. Shawarar da aka bayar mai sauƙi ce: tsakuwa shida da kwano. Duk sanda ayari suka shiga sabon ɗaki ko suka tsaya dogon bincike, madugu ya jefa tsakuwa guda a kwano, kowa na gani yana jin ƙararta. Ta huɗu ruwa ya kai gwiwa a ɗakunan ƙasa, ta shida ya rufe mashiga.

Su kansu 'yan fashin, tarihinsu na gaskiya ya fi abin da fim ke nunawa amfani ga mai rubuta wasa. Zamanin da ake kira na bunƙasarsu ya kama daga wajen 1650 zuwa wajen 1730, kuma ba a tekun Karibiyan kaɗai aka yi shi ba, gaɓarmu ta Afirka ta Yamma tana tsakiyar labarin. Bartholomew Roberts, wanda ake lissafa masa kame jirage sama da 400, ma'aikaci ne a wani jirgin cinikin bayi lokacin da 'yan fashi suka kama shi a Anomabu, ƙasar Gana ta yau, a 1719. Cikin 'yan makonni suka zaɓe shi kyaftin. A watan Fabrairun 1722 jirgin yaƙin Ingila ya kashe shi a kusa da gaɓar Gabon, aka kai mutanensa Kef Kos, can ƙasar Gana ta yau, aka yi musu shari'a, aka rataye 52. Abin lura ga mai wasa shi ne kalmar "zaɓe". Jirgin Roberts yana da rubutattun dokoki da kowa ke rantsuwa a kansu. Kowane mutum yana da ƙuri'a a manyan al'amura. Kyaftin da mai rabon ganima kaso bibbiyu suke ɗauka, ɗan jirgi na gama-gari kaso ɗaya. Ana kashe fitilu da ƙarfe takwas na dare. Wanda ya nakasa a bakin aiki ana ba shi dala 800 daga asusun jirgi. Makaɗa suna hutawa ran Lahadi. Kuma, abin da ya ba mu dariya, an haramta karta da jefa ɗan ludo a kan kuɗi.

Tun da zance ya biyo ta nan, ni ma in faɗa: a zamanmu ba a sa ko kwabo, kuma wanda zuciyarsa ba ta natsu da ɗan ludo ba saboda abin da malamai suka faɗa a kansa, muna rubuta lambobi 1 zuwa 20 a gutsattsarin takarda a zuba a hula a zaro. Lissafin bai canza ba.

To, duba abin da waɗannan dokoki ke yi wa ɗaki na biyar, inda a zubin farko aka rubuta "'yan fashi shida, za su kai hari". Yanzu shidan nan sun kasu: uku na bayan kyaftin, biyu na bayan mai rabon ganima, ɗaya bai yanke ba, kuma za a kaɗa ƙuri'a kafin ruwa ya cika. Ayari na iya faɗa, suna iya sayen mai ƙuri'ar da ta rage, suna iya rantsuwa su shiga ƙungiyar su ma su samu ƙuri'a. Akwai kuma wani abu na tarihi da ya ƙara armashi. A 1717 Sarkin Ingila ya yi shelar afuwa ga duk ɗan fashin da ya miƙa wuya cikin wa'adi, kuma a 1718 Woodes Rogers ya isa Nasau, matattarar 'yan fashi a tsibiran Bahamas, ɗauke da wannan afuwa. Takardar afuwa guda a jakar wani ɗan ayari ta fi takobi kaifi a gaban mutumin da ya gaji da gudun igiyar rataya. Jimla uku suka maye gurbin jimla ɗaya, ɗakin ya tashi daga filin dambe ya koma majalisa.

Dukiyar ma haka. Binne zinari da zana taswira mai alamar gicciye abu ne da littafin ƙagaggen labari na Robert Louis Stevenson na 1883 ya cusa wa duniya. A zahiri kaɗan ne aka tabbatar sun binne wani abu. Fitaccen misali William Kidd ne, wanda ya binne wani ɓangare na dukiyarsa a wani tsibiri kusa da Niyok a 1699, hukuma ta tono ta kafa hujja da ita, aka rataye shi a Landan a 1701. Mafi yawan ganima kaya ne: sukari, taba, yadi, giya, igiyoyi, magani. Edward Teach, wanda aka fi sani da baƙin gemunsa, da ya tare tashar jiragen ruwa ta Calston, a Amurka ta yau, a 1718, akwatin magani ya nema a matsayin fansa. Ga mai wasa wannan kyauta ce, domin zinari aljihu ke ɗauka, amma dilar yadi sai mutum biyu, kuma ruwa na ɓata ta, sukari kuwa narkewa yake. Haɗa nauyin kaya da tsakuwoyin kwano, ka samu gardamar da ayari za su yi da kansu ba tare da madugu ya buɗe baki ba.

Akwai ɗaki guda da gyaransa bai shafi lissafi ko tarihi ba. A na huɗu an sa fursunoni a ɗaure da wasiƙar neman kuɗin fansa. Wanda ya rubuta irin wannan a wata ƙasa mai nisa, ado ne kawai a wurinsa. A jihar Kaduna kuwa, da wuya a tara mutum biyar a rasa wanda aka taɓa ɗauke masa ɗan'uwa ko maƙwabci. Ranar da muka kai ɗakin, ɗaya daga cikinmu ya miƙe a hankali ya ce zai je ya yi alwala, bai dawo ba sai da muka wuce wurin. Ba wanda ya ce masa komai, shi ma bai ce ba. Daga baya aka gaya wa marubucin a keɓe. Ba a ce ya cire ba, domin 'yan fashin teku ba jaruman kirki ba ne, kuma wanke su ƙarya ce: mutanen Roberts ɗin nan masu ƙuri'a da dokoki sun cinna wa wani jirgi wuta a Wida, Jamhuriyar Benin ta yau, a farkon 1722, da bayi kimanin 80 a ɗaure a cikinsa. Abin da aka nema shi ne layi guda a saman takarda da zai sanar da madugu abin da ke ciki, da wani zaɓi da zai iya sawa a madadinsa. A wasu wurare har kati ake ajiyewa a tsakiya, wanda abu ya dame shi ya taɓa, a tsallake ba tare da an tambaye shi dalili ba. A wurinmu ina ganin tambaya kafin a fara ta fi dacewa, don mutumin da kunya ta hana shi magana, da wuya ya miƙa hannu ya taɓa kati a gaban jama'a.

Kunyar nan ita ce ta kai mu ga "ya yi kyau" tun farko. Mun yi wa yaron kara, saboda ƙarami ne, saboda yayansa na zaune, saboda mun ga yadda ya miƙo takardar. Kara abu ne mai kyau a zaman tare, amma a nan ta jawo masa kunyar da ta fi wadda muka so kare shi daga gare ta, tun da a gaban kowa wasansa ya tsaya cak. Hanyar da muka samu ta kauce wa wannan ita ce mu daina yanke hukunci, mu koma ba da rahoto. Babba na iya jin nauyin ce wa ƙarami "ɗaki na uku bai yi ba", ƙarami kuwa ba zai ma iya faɗa wa babba ba. Amma kowa na iya cewa, "A ɗaki na uku na rasa abin yi, na ɗauko waya na fara dubawa." Wannan labarin abin da ya faru ne, ba wanda zai musa, ba kuma wanda aka ci wa fuska. Marubuci ya fi amfana da shi ma, don mai wasa ya san inda ya yi masa ciwo sarai, amma sau da yawa maganin da yake kawowa ba shi ne ba. Wanda ya ce a ƙara faɗa a ɗaki na biyu, da aka bincika, ashe gajiya ya yi da sauraron dogon bayani. Rage bayanin aka yi, bai sake neman faɗa ba.

Can ɗaya gefen kuma akwai masu wuce gona da iri. Wani a cikinmu, da baki ya buɗe, sai ya ce a mai da ɗakunan ashirin, a sa aljanun ruwa, a mai da kyaftin ɗin mace, a ɗauke labarin daga teku a kawo shi tafkin Cadi. Wataƙila wasa ne mai kyau, amma nasa ne, ya je ya rubuta. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mai gyara yana tambayar abin da marubuci ke son cimmawa ne, sannan ya nuna masa inda takarda ta kauce wa wannan buri. Wani kuma ya ce shi dai labarin teku ba ya burge shi. An gode, amma wannan ɗanɗano ne, ba a gyara tuwon shinkafa don wani ya fi son na masara.

Gwajin da ya fi kowanne fito da gaskiya shi ne wanda marubuci ya fi ƙi. Aka ba Malam takardar, wanda bai taɓa jin bayanin baki a kanta ba, aka ce ya ja wasan, shi kuma mai ita ya koma gefe da biro, sharaɗi kada ya ce uffan. Duk sanda ya ji bakinsa na ƙaiƙayin cewa "abin da nake nufi shi ne", ya ja layi a wurin. Kafin a tashi layukan sun haura goma. Kowane layi wani abu ne da ke cikin kansa wanda bai sauka a takarda ba. Lokacin da shi da kansa ke jan wasan, yana cike waɗannan ramuka da baki bai ma san yana yi ba, kamar mai ɗakin da ya saba tsallake ramin ƙofarsa har ya manta akwai shi. Malam ya ɗauki minti biyu cur yana neman ko ƙofar ɗaki na shida ciki take buɗewa ko waje, ayari na jira, wani har ya fara ɓare gyaɗa. Daga nan aka samo tsarin da zubi na biyu ya bi: kowane ɗaki ya fara da abin da ido zai fara gani, sai abin da ke ɓoye, sai mutanen ciki da abin da suke so, kuma lambobin taswira su dace da na rubutu, don a zubin farko ɗaki na biyar a taswira shi ne na shida a rubuce.

Abu guda ne yaron ya ƙi bari, kuma na ji daɗin ƙin. Akwatin ƙarshe babu komai a cikinsa sai yashi da wasiƙar izgili daga kyaftin. Mutum biyu suka ce wannan cin amanar 'yan wasa ne, a yi sa'a uku ana wahala a tashi a tutar babu. Ya saurara har suka gama, ya ce, "Na ji, Yaya, amma don wannan akwatin na rubuta sauran duka." Ya yi gaskiya, kuma su ma ba su yi ƙarya ba. Da aka tona, ba wofin akwatin ke damunsu ba, abin da ya ƙona musu rai shi ne ba a ba su wata dama ta hango shi ba. Sai ya bar yashinsa, ya warwatsa alamu uku a hanya: sawun jan kaya mai nauyi da ke fita daga kogo maimakon shiga, littafin lissafin mai rabon ganima wanda jimillarsa ba ta kai ba, da wani ɗan tawaye da ke dariya duk sanda aka ambaci akwatin. Dukiyar gaske kuma ya mai da ita dilolin yadi da gangunan sukari a ɗaki na biyu, wanda yake can ƙasa, inda ruwa ke fara shiga. Tarihin kyaftin na shafi guda ya koma layi huɗu a cikin wasiƙar.

Asabar ɗin da ta wuce muka buga zubi na uku da sababbin mutane, biyu daga Tudun Wada, ɗaya daga Sabon Gari. Ba su bi ta ƙofar da ta cije mana ba ma, ta ramin sama suka sauka. Sun sayi mai ƙuri'ar nan da alkawarin kaso biyu, wanda ba su da niyyar cikawa. Malam ya jefa tsakuwa ta huɗu a kwano ya ce ruwa ya kai gwiwa a ɗaki na biyu, sukari ya fara tafiya. Ɗaya ya ce a kwashi yadi a gudu, ɗaya ya ce ba a zo nan don yadi ba, na ukun yana ta juya littafin lissafin yana cewa akwai abin da bai yi daidai ba a jimillar nan. Marubucin na gefe da bironsa, bai ja layi ko ɗaya ba. Suna cikin wannan gardama aka kira magariba, muka kife faranti a kan kwanon da tsakuwoyinsa huɗu, sai Asabar mai zuwa.